Hotunan tsohuwar Jos da baitocin waƙa a cikin littafina: wa zan nemi izininsa?

Malam_Sabitu_Gangare
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta tsayar mini da aiki. Shekara huɗu ke nan, tun da na yi ritaya daga koyarwa, ina rubuta littafi da Hausa a kan rayuwar leburorin haƙar kuza: yadda iyayenmu suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi suka zauna a barikokin Bukuru da Barikin Ladi, da yadda unguwanni irin su Gangare da Dilimi suka cika. Rubutu ya kammala, har na kai maɗaba'a. A can ne yaron da ke tsara shafuka a kwamfuta ya tambaye ni ko ina da izinin hotunan da na kawo, domin maigidansa ba ya buga hoton da ba a san mai shi ba. Na rasa amsar da zan ba shi, saboda ban taɓa kawo haka a raina ba.

Hotuna goma sha huɗu na samo su ne daga wani tsohon kundi na marigayi mai ɗaukar hoto da ya yi shago a cikin garin nan. Babban ɗansa ne ya ara mini kundin da hannunsa, kuma a bayan kowane hoto akwai hatimin shagon da shekarar da aka wanke shi, wasu 1964, wasu 1968, biyar kuma 1986. Akwai wasu hotuna biyu na gobarar babbar kasuwar Jos ta shekarar 2002 da na gani a Facebook babu sunan kowa a kansu. Sannan na kawo baitoci daga waƙoƙin marigayi Ɗan Maraya Jos a babin da ya shafi rayuwar talaka a gari, na kuma fassara kusan shafi biyu daga wani littafin Turanci da aka buga a Ingila a kan kamfanonin kuza. Tambayata ita ce, shin dole ne in nemi izini a kan dukkan waɗannan, kuma idan dole ne, ƙofar wa zan ƙwanƙwasa?

Auwal_Rikkos
Wa alaikumus salam, Malam. A iya sanina, matuƙar ka rubuta sunan mai abu a ƙarƙashin hoton, ka kuma ambaci littafin da ka ɗauko bayani, to ka fita haƙƙinsa. Haka aka koya mana lokacin da muke rubuta kundin kammala digiri a jami'a. Na kuma ji ana cewa idan abin da ka ɗauka bai wuce kashi 10 cikin 100 na littafi ba, babu mai tuhumarka.

Barista_Rabi_Abuja
Malam Sabitu, Allah ya saka da alheri da wannan aiki, kuma yaron maɗaba'ar ya yi maka gata. Ɗan'uwa Auwal, abin da ka faɗa shi ne fahimtar mutane da yawa, amma an haɗa abubuwa biyu ne da ba ɗaya suke ba. Ambaton sunan mai abu yana kare ka daga zargin cewa ka mayar da aikin wani naka, wanda shi ne abin da jami'a take tsoro. Izinin kwafa da bugawa da sayarwa kuwa wani haƙƙi ne daban, kuma rubuta suna ba ya maye gurbinsa. Maganar kashi 10 cikin 100 ma ba ta cikin dokarmu.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga 1988. Abu na farko da za ka duba, Malam, shi ne ko haƙƙin yana raye ko wa'adinsa ya ƙare, domin abin da wa'adinsa ya ƙare ya zama na kowa, ba a neman izinin kowa a kansa. Sashe na 19 ya ba rubutu da waƙa da zane shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Hoto kuwa shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, idan kuma ba a taɓa fitar da shi ba, daga lokacin da aka ɗauke shi. Saboda haka hotunan 1964 da 1968 sun riga sun fita daga kariya a Najeriya, sai dai idan an fara fitar da su ga jama'a ne shekaru da yawa bayan ɗaukarsu. Na 1986 suna nan da sauransu har zuwa 2036 aƙalla, na gobarar kasuwa kuma har zuwa 2052 aƙalla, ko da sunan mai su a jiki ko babu. Ɗan Maraya ya rasu a watan Yunin 2015, don haka kalmomin waƙoƙinsa suna da kariya har ƙarshen 2085, kuma haƙƙin yana hannun magadansa ko wanda ya miƙa wa shi a lokacin rayuwarsa.

Malam_Sabitu_Gangare
Na gode ƙwarai, Barista. To ai hotunan 1986 ɗin ɗan marigayin ne ya ba ni da kansa, har ya ce in yi duk abin da nake so da su. Wannan bai wadatar ba?

Barista_Rabi_Abuja
A doka izinin da ba na keɓewa ba, wato wanda bai hana mai abu ya ba wani irinsa ba, yana iya kasancewa da baki, har ma ana iya fahimtarsa daga yadda mutum ya yi mu'amala. Sayar da haƙƙin gaba ɗaya ko ba mutum ɗaya tak izini su ne dole sai a rubuce. Amma matsalarka ba ta nan take ba. Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gado kamar sauran dukiya, kuma riƙe kundin hotuna a ɗaki ba shi ne mallakar haƙƙin ba. Idan marigayin ya bar 'ya'ya da mata, to babban ɗa ɗaya ne daga cikin magada. Shawarata ita ce a rubuta takarda gajera, magada su sa hannu ko su wakilta mutum ɗaya a rubuce, a sa shaidu biyu. Yau ana zaman lafiya, amma ranar da littafi ya shiga kasuwa wani yana iya cewa shi ba a tambaye shi ba.

MaiHoto_Terminus
Ni sana'ata ke nan shekara ashirin da bakwai, kuma ina roƙon Malam ya bi maganar Barista ko da hotunan da wa'adinsu ya ƙare ne, ya rubuta sunan marigayin a ƙarƙashin kowanne. Bari in faɗi abin da ya same ni. Na taɓa kwana a Riyom don in ɗauki duwatsun nan da hasken asuba, lokacin hunturu, hannuna har ba ya iya riƙe kyamara saboda sanyi. Na sa hoton a shafina da sunana a gefen ƙasa. Bayan wata takwas na shiga wani ofis karɓar kuɗin aiki, sai ga hotona a kalandar wani kamfani rataye a bango, an yanke gefen da sunana yake. Da na je wurinsu, jami'in da na samu ya ce mini ai a intanet suka gani, kuma ya kamata in yi murna an tallata ni. Ta yaya aka tallata ni bayan an yanke sunan? Da sun kira ni tun farko, wallahi da abin da zan nema bai kai kuɗin man motar da suka raba kalandar da shi ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yankewar, domin ta nuna sun san akwai mai shi.

Auwal_Rikkos
Na karɓi gyara, Barista, kuma Allah ya ba ka haƙuri, Mai Hoto. Amma ina da sauran tambaya. Idan haka ne, ke nan babu wanda zai iya kawo ko layi ɗaya na maganar wani a littafinsa sai ya rubuta wasiƙa? Ai da ilimi ya tsaya, domin kowane littafin nazari cike yake da maganganun magabata.

Dakta_Nuhu_FararGada
Ba haka ba ne, Auwal. Sashe na 20 na dokar ya buɗe ƙofa ga abin da ake kira amfani bisa adalci, kamar nazarin da ba na kasuwanci ba, da sharhi, da suka, da bayar da labarin abin da ke faruwa, kuma an yarda a kawo ɗan gajeren yanki na aikin wani tare da ambaton sunansa. Abin da ake aunawa shi ne manufar amfanin, da irin aikin da aka ɗauko daga cikinsa, da yawan abin da aka ɗauka da muhimmancinsa idan an kwatanta da dukkan aikin, da kuma ko hakan zai rage wa mai shi kasuwa. Wannan ne ya sa ba a iya yanke adadi ɗaya ga kowa. Layi shida daga littafi mai shafi ɗari uku ba komai ba ne, amma layi shida daga waƙar da duka-duka layi goma sha biyu ce rabin waƙar ke nan.

Ga Malam Sabitu, ina ganin idan baiti ɗaya ko biyu ka kawo, kana kuma sharhi a kansu don nuna yadda mawaƙin ya kalli rayuwar lebura, kana kan turba. Idan kuwa ka jera waƙa sukutum a ƙarshen babi don ta ƙawata littafin, wannan ya fita daga sharhi, ya zama buga waƙar mutum. Fassarar shafi biyu ita ce ta fi damuna, saboda fassara tana cikin haƙƙoƙin da doka ta keɓe wa marubuci. Akwai hanya mai sauƙi: bayanan tarihi, kamar shekarar da aka buɗe wata mahaƙa ko yawan kuzar da aka fitar, ba mallakar kowa ba ne. Abin da doka take karewa shi ne yadda marubucin ya tsara maganarsa. Ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗi abin da ka fahimta da Hausarka da tsarinka, ka ambaci inda ka samo, sannan ka bar jimla biyu ko uku da ka ga lallai sai an ji su daga bakinsa.

Abu_Maryam_Bukuru
Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da wannan al'amari ba. Malamanmu na da sun kwafi littattafai da hannu, daga Timbuktu zuwa Katsina zuwa Sakkwato, babu wanda ya nemi izinin wani, kuma da haka ilimi ya iso gare mu. Ga kuma hadisin da ya yi gargaɗi cewa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a yi masa linzamin wuta. Ina jin tsoron kada mu ɗauko tsarin Turawa mu ɗaure kanmu da shi, har a wayi gari talaka ba ya iya karanta tarihin kakanninsa.

Ustaz_Kabiru_AnguwanRogo
Allah ya ƙara mana kishin ilimi, Abu Maryam. Tsoronka yana da tushe, kuma akwai malamai na wannan zamani da suka tafi a kan ra'ayin da ka faɗa. Sai dai mafi yawa sun tafi a kan akasinsa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a take karewa, masu su suna da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Hujjar ita ce al'adar mutane ta riga ta ɗauke su a matsayin dukiya, kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Kada kuma mu manta cewa magabatan da ka ambata sun fi mu tsanani wajen jingina magana ga mai ita. Ɗalibi ba ya ruwaito littafi sai da ijaza, wato izinin ruwaya, daga malaminsa, kuma mai kwafa yakan rubuta sunan mawallafi da nasa sunan a ƙarshe, ya roƙi addu'a. Wanda ya kwafi littafi da alƙalami a wata uku don ya karanta, ba daidai yake da wanda ya buga kwafi dubu a kwana biyu ya kai kasuwa ba. Shi kuma mai hoton da ya ce a tambaye shi kafin a buga, bai ɓoye ilimi ba.

Abu_Maryam_Bukuru
Allah ya gafarta Malam, na fahimci bambancin mai kwafa don karatu da mai bugawa don ciniki, kuma na yarda da shi. Inda ban gamsu ba shi ne tsawon wa'adin. Shekara 70 bayan rasuwar mutum, jikokinsa ma sun tsufa. Wannan ya yi yawa a ganina, ko da doka ce.

Hajiya_Marubuciya
Abu Maryam, da ka san abin da muke gani da ba ka ce ya yi yawa ba. Ina rubuta labarai ina sayarwa ta WhatsApp, da kuɗin nake biya wa yarana makaranta tun rasuwar mahaifinsu. Wata rana ƙanwata ta turo mini wata tasha a YouTube, sai na ji muryar wani namiji yana karanta littafina daga farko har ƙarshe, kashi talatin da biyu, an sauya sunan littafin, ana ta sa talla a tsakani. Da na yi masa magana sai ya ce ai ya faɗi sunana a kashi na farko. Na cike takardar ƙorafin haƙƙin mallaka da YouTube suka tanada, na tura shaidar ranar da na fara fitar da labarin, aka sauke su. Amma kafin nan masu saye sun riga sun saurara kyauta. Wani mai tasha daban kuwa ya kira ni da ladabi, muka yi yarjejeniya a rubuce a kan littafi ɗaya na tsawon shekara ɗaya, kuma har yau muna mutunci. Ban taɓa hana wanda ya tambaye ni ba, sai dai mu daidaita.

Sani_Lamba
Ina ganin Malam ya kai maganar NCC kawai, su da suke kula da MTN da Glo da sauran harkar intanet, su nemo masa wanda ya sa hotunan gobarar.

Barista_Rabi_Abuja
Malam Sani, hukumomi biyu ne suke amsa wannan gajeren suna. Wadda kake nufi ita ce hukumar sadarwa. Tamu ita ce Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, mai hedikwata a Sakatariyar Tarayya a nan Abuja. Ita ma ba ta bayar da izini a madadin mai hoto ko marubuci, domin ba ita ce mai haƙƙin ba. Aikinta sa ido, da yaƙi da satar fasaha, da amincewa da ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadin masu fasaha, irin su MCSN ta ɓangaren kiɗa da waƙa da REPRONIG ta ɓangaren kwafar littattafai. Tana kuma da rajista ta intanet wadda mutum zai iya shigar da aikinsa don ya zama shaida, amma ba dole ba ce, haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta aiki ko an ɗauke shi. Idan rigima ta kai ga shari'a, Babbar Kotun Tarayya ce take da hurumi.

Mama_Talatu_TudunWada
Ina gaishe ku duka. Ina so in ƙara wani abu a kan waƙa, domin mun taɓa shiga irin wannan a ƙungiyar mawaƙan cocinmu lokacin da muka so buga ƙaramin littafin waƙoƙi tare da faifai. Mun ɗauka duk waƙar da ake rerawa da Hausa a coci ta kowa ce. Da muka bincika sai muka tarar tsofaffin da aka fassaro tun zamanin mishan daban, waɗanda wani dattijo a Kagoro ya tsara da kansa kuma daban, kuma yana raye. Muka je har gida. Bai karɓi ko kwabo ba, sai dai ya gyara mana kalmomi uku da muka daɗe muna rerawa ba daidai ba, ya ce kada a buga sai an gyara. Malam Sabitu, zuwa wurin iyalan mawaƙin zai iya yi maka irin wannan amfani, domin abin da kunne ya ɗauka daga tsohon kaset ba kullum yake daidai ba, musamman inda kuntigi ya rufe murya.

Dakta_Nuhu_FararGada
Maganar Mama Talatu ta tuna mini abin da ban faɗa ba. Waƙa ɗaya tana iya ɗaukar haƙƙi fiye da ɗaya: na kalmomi da karin waƙar, da kuma na faifan da aka naɗa, wanda sau da yawa yana hannun kamfanin da ya ɗauki nauyin naɗin, kuma nasa wa'adin shekara 50 ne. Tun da Malam rubuta baitoci zai yi a takarda, faifan bai shafe shi ba. Amma ranar da ya ce zai yi bidiyon tallar littafin ya sa waƙar tana tashi a ƙasa, to ya shiga gonar mutum biyu.

Injiniya_Bala_Kubwa
Na taɓa neman izini daga wani kamfanin ɗab'i na Ingila a kan taswira da na so sakawa a wani ɗan littafi, don haka bari in gaya wa Malam yadda abin yake idan ya zaɓi ya bar fassararsa yadda take. Ka buɗe bayan shafin farko na littafin, inda aka rubuta shekarar bugu da sunan mai haƙƙi. Kamfanin da ya buga shi za ka fara rubuta wa, kuma manyansu suna da sashen izini a shafinsu na intanet. Za su so su san sunan littafin da bugu na nawa ne, da lambar shafukan da kake so da inda yankin ya fara da inda ya ƙare, da sunan naka littafin, da harshen da za ka buga, da yawan kwafi, da farashi, da ƙasashen da za a sayar, da kuma ko takarda ce kawai ko har da na karantawa a waya. Ka faɗa musu gaskiya cewa kai malami ne mai ritaya, da kuɗin aljihunka kake bugawa, kwafi kaɗan ne kuma da Hausa, domin wannan yana sa a rage kuɗi ko a yafe.

Ni sai da na jira wata huɗu, sannan suka amsa cewa taswirar ba tasu ba ce, su ma izini suka karɓa daga wani gidan adana takardu, sai na sake sabon nema. Wannan yana faruwa sosai da hotuna da taswirori, shi ya sa yake da kyau a duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsu tun farko. Idan kamfanin ya rufe, a nemi wanda ya saye shi, idan kuma haƙƙin ya koma ga marubuci, a nemi iyalansa. Kada Malam ya ce tun da a Ingila aka buga babu ruwan dokarmu. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne, wadda ke kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, a 1993, kuma a ƙarƙashinta littafin Bature yana da kariya a nan kamar yadda naka zai samu a can.

Auwal_Rikkos
To idan mutum ya rubuta sau biyu ko sau uku ba a amsa ba fa? Hausawa dai sun ce shiru ma amsa ce.

Ustaz_Kabiru_AnguwanRogo
Amsa ce, amma ba lallai ta zama "na yarda" ba. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru, sai a wuraren da aka keɓe. Mai yiwuwa wasiƙar ba ta isa ba ma.

Barista_Rabi_Abuja
Haka yake a doka, Ustaz. Rubuta "an yi ƙoƙarin samun mai wannan hoto ba a dace ba" a farkon littafi yana nuna kyakkyawar niyya, kuma ajiye kwafin wasiƙun da ka aika zai taimake ka idan magana ta taso, amma ba ya zama izini. Wannan ne ya sa hotunan gobarar kasuwa suka fi komai wuya a cikin abin da Malam ya lissafa. Wanda ya sa su a Facebook mai yiwuwa shi ma gani ya yi ya ɗauka, don haka ko ya ce maka ka yi amfani da su, bai ba ka komai ba. Ko dai a gano wanda ya ɗauka, ko a nemi wasu a wurin gidan jarida ko mai hoton da aka sani, ko a duba Wikimedia Commons inda masu hotuna suke sakin aikinsu da lasisin Creative Commons. Can ma sai an karanta sharaɗin kowane hoto, domin galibi suna wajabta ambaton suna da irin lasisin.

Akwai kuma abin da ban tambaya ba tun farko. Malam, hotunan 1986 ɗin na tituna da gine-gine ne, ko na mutanen da suka je shago aka ɗauke su? Sabuwar dokar ta ba wanda ya biya aka ɗauke shi hoto don amfanin gidansa damar hana a yaɗa shi, ko da haƙƙin mallakar yana wurin mai hoton.

Ɗan_Barikin_Ladi
Gafara dai, ina so in mayar da mu kan leburorin da littafin yake magana a kansu. Mahaifina ya yi aikin kuza, kuma na san waƙoƙin da suke yi suna ɗaukar kwanon ƙasa a ka daga rami zuwa wurin wanki. Waɗannan babu wanda ya san wanda ya ƙaga su. Idan Malam ya kawo su, wa zai tambaya? Sannan tsofaffin da ya yi hira da su, an gaya musu cewa maganarsu za ta shiga littafin sayarwa da sunayensu? Ni wannan ya fi damuna fiye da kamfanin Ingila, domin kamfani yana da lauya, tsoho mai shekara tamanin a Bisichi kuwa ba shi da kowa.

Dakta_Nuhu_FararGada
Tambaya ce mai nauyi. Waƙoƙin aiki da tatsuniyoyi da kirarin da al'umma ta gada suna da nasu babi a dokar, kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ce aka ɗora wa ikon bayar da izini idan za a yi kasuwanci da su ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada. An sassauta wa mai koyarwa da wanda ya kawo su a matsayin misali a cikin aikinsa na kansa, matuƙar ya faɗi al'ummar da ya samo su. Game da hira kuwa, abin da muke yi a jami'a shi ne mu karanta wa dattijo abin da muka rubuta daga bakinsa, mu tambaye shi ko ya yarda a sa sunansa ko a sakaya, mu naɗi amsarsa a waya idan ba ya rubutu.

Malam_Sabitu_Gangare
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na koma gidan marigayi mai hoto. Ashe magada goma sha ɗaya ne, kuma da aka yi rabon gado ba a ko ambaci kundin da akwatin nagatif ba, saboda ba wanda ya ɗauke su dukiya. Babban ɗan ya kira 'yan'uwansa a waya a gabana. Duk sun yarda, sai wata ƙanwarsu da ke aure a Gombe, wadda ta ce ɗaya daga cikin hotunan 1986 mahaifiyarta ce a ciki tana tallar abinci a bakin wurin wankin kuza, kuma ba ta so a buga. Na cire shi nan take, ko da yake shi ne na fi so a cikinsu. Barista, sauran huɗun na titi ne da motocin kamfani, babu wanda ya zauna aka ɗauke shi. Za mu rubuta takardar ranar Juma'a bayan masallaci.

Fassarar zan warware ta in sake faɗa da bakina kamar yadda Dakta ya ce, domin ba ni da wata huɗun jira. Baitocin ban yanke shawara ba tukuna, na rage su zuwa uku, amma maganar Mama Talatu ta sa ina son in je a tabbatar mini da kalmomin. Ɗan Barikin Ladi, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi: cikin dattawa tara da na yi hira da su, uku sun rasu kafin in gama, kuma ban tambaye su komai a kan suna ba.

Abu_Maryam_Bukuru
Ka je wurin 'ya'yansu, Malam. A wannan kam ba ni da ja.

MaiHoto_Terminus
Malam, kada ka cire hotunan gobarar tukuna. Mu da muka ɗauki hoto a ranar ba mu da yawa, kuma mun san hannun juna. Ka turo mini su ta akwatin saƙo yadda ka same su, kada ka yanke gefe ko ka ƙara haske. Ranar Asabar muna da taron masu hoto, zan nuna wa dattawanmu. Idan daga saman bene aka ɗauke su ta ɓangaren titin Ahmadu Bello, ina da wanda nake zato, kuma yana nan da ransa.